Ƙofar Sarina Ba Za Ta Fita Ba

Yannina, Talatar bayan Ista

Ƙanena Lambros,

Almasihu ya tashi! Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya, kai da iyalinka a can Melbourne. Mu nan lafiya lau. Ƙafar inna Fotini ta yi sauƙi, ita ce ma ta rina mana jajayen ƙwai bana.

Kafintan da ka turo, Zisis, ya zo da awonsa, na ba shi kofi na sallame shi. Ya ce wai ka ce a cire tsohuwar ƙofar gida a sa ta ƙarfe, a kankare baƙin hayaƙin da ke samanta, a cike ramin nan na gefen dama. Har da zolaya, wai ƙofar ta girme ni, kuma ni ma da ƙyar nake buɗuwa. Na ce masa ya je ya auna bakinsa tukuna.

Ka tafi kana ƙarami, don haka bari in faɗa maka daidai. Ramin nan wurin ajiye 'yar takardar addu'a ne ta Sarina Negrin, Bayahudiyar da Kaka ta zauna a ɗakinta na ƙasa. Kowace shekara kafin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, Sarina takan share gidan kakaf, kada ko ɓurɓushin yisti ya rage, ta aiko wa Kaka gurasa marar yisti. A 1944, lokacin yaƙi, sojoji suka kwashe Sarina da iyalinta, saura mako biyu idin. Babu wanda ya dawo.

Shekara talatin ina gyaran rubutu a jarida, ban saba share abin da yake daidai ba. Gicciyen da muke zanawa da hayaƙin kyandir a saman ƙofa, daga ina kake tsammani ya fito? Mutanen Sarina ne suka fara shafa jinin ɗan rago a ƙofa don mutuwa ta ƙetare su. Mu muka ce Ɗan Ragon shi ne Almasihu. Sharar yistinsu ita ce tubanmu, damin farko da suke kaiwa haikali shi ne tashinsa daga kabari. Alamarta da tamu a itace ɗaya suke, kuma tata ce ta riga.

Na san kai ma kana da rabo a gidan. To, kwana hamsin ne daga Ista zuwa idin Fentikos, mutanen Sarina ma haka suke ƙirgawa zuwa idin girbinsu. Ka zo kafin su cika, ka sa yatsanka a ramin, sannan ka dube ni ka ce a cike shi. Ta waya dai ba za a yi ba.

Ka gaishe mini da Marika, da Stavros da 'yar autarku Eleni. Inna Fotini ta ce tana goyon bayana.

Yayarka da ke riƙe da mabuɗi,
Evanthia