Kajin Marigayiya da Inuwar Gwaibata

Anti, don Allah ki taimake ni, domin abin da ke damuna in na faɗa wa ƙawayena dariya kawai za su yi mini. Magana ce ta inda za a kafa akurkin kaji. Na san yadda abin zai zo miki a kunne, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ranar da komai ya sauya mini ina zaune a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, na miƙe ƙafa a kan benci ina tsakiyar wani littafi, daidai inda jarumin ya tsaya a tasha cikin ruwan sama yana jiran wadda ba za ta zo ba. Sai na ji tsayuwar mota. Maigidana ne ya taho da mahaifinsa, bayan rasuwar surukata, Allah ya jiƙanta. Na san da zuwan Baba, ni ma na gyara masa ɗakin baya da hannuna. Abin da ba a gaya mini ba shi ne kwandon da aka sauke daga bayan motar, an lulluɓe shi da tsohon zane, yana motsi. Kajin marigayiya ne, da wani zakara mai ɗingishi. Baba ya bar gado, ya bar kujeru, ya raba tukwane, amma ya ce kajin nan ƙafarsa ƙafarsu.

Bayan gidanmu ba wani fili ba ne na a zo a gani. Akwai gwaibar da bencin da maigidana ya haɗa mini muna sabon aure. Akwai igiyar shanya daga kicin zuwa katanga. Jikin doguwar katangar da ke kallon tagar Baba kuwa, nan maigidana ya jibge tarkacensa, tsofaffin tayoyi da bokitan fenti da guntayen bulo, waɗanda kullum yake cewa wata rana za su yi amfani, don haka ba na ma sa wurin a lissafi. Sai wani lungu a bayan banɗaki, inda indararo ke zuba. Shi ke nan gidan.

Anti, ni mutum ce mai son karatu. Tun ina gidanmu ake mini faɗa a kai, na sha ƙona girki saboda babi ɗaya. Bencin nan shi ne wurina a duniya. In na gama aikina na zauna, iska na kaɗa ganye, sai in manta da wanke-wanke da ƙarar janareton maƙwabta, in tafi can wata duniya. Yanzu kaji sun karɓe wurin. Tunda ba su da ɗaki, a sake suke yini, da yamma a kife su da kwando. Sun ɓata bencin da kashi, sun tone gindin bishiyar, har wata mai zanen baƙi da fari ta tsattsage mini bangon littafi. Baba kuma duk inda suka nufa nan yake jan jiki ya bi su, kuma da yake inuwa suke so, a bencina yake yini. Ta yaya zan je in zauna kusa da surukina da littafin soyayya a hannu? Yanzu a kicin nake karatu, a kan 'yar kujera, kusa da tukunyar gas.

Kar ki ɗauka mugun mutum ne. Wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba, 'yata yake ce mini, ko ruwa na miƙa masa sai ya sa mini albarka. Kowace kaza da sunan da marigayiya ta raɗa mata yake kiranta. Rannan ta tagar kicin na hango kaza mai zanen nan ta hau gwiwarsa, yana mata magana ƙasa-ƙasa, yana goge ido da hannun riga. Na koma ciki na yi kuka. Bayan na gama kukan kuma na ga kashi a kan bencina, raina ya sake ɓaci. Haka nake yini, tausayi da haushi.

Na yi ta jiran maigidana ya lura. A raina na tsara yadda abin zai kasance: zai shigo ya same ni a takure a kicin, ya dube ni ya gane komai ba tare da na buɗe baki ba, ya ce babu mai taɓa inuwar matarsa. Na yi ajiyar zuciya a gabansa har na gaji, ƙarshe ya tambaye ni ko zazzaɓi ne ke son kama ni. Shekaranjiya yana ɗaure takalmi zai fita aiki ya ce ya yi magana da kafinta, zai zo ƙarshen mako ya kafa akurki da shingen waya, ni zan nuna masa wuri tunda ni ce matar gida. Ya ƙara da cewa shi dai a ganinsa ƙarƙashin gwaiba ya fi.

Na san lungun banɗaki yana da danshi, rana ba ta cika leƙa shi ba, kuma daga ɗakin Baba ba a hango shi. Na san bayan katangar lungun nan ɗakin barcin maƙwabciyarmu ne, ma'aikaciyar jinya. Ina ta gaya wa kaina in an sa rufin kwano mai kyau komai zai daidaita. Ban gaya wa kowa ba tukuna, amma na yanke shawara. Lungun banɗaki zan nuna wa kafinta.

Taki,
Mai karatu a kicin

*

Ƙanwata, ban yi dariya ba. Mace tana bukatar wurin da za ta zauna ta ji ita ce, ko da faɗin benci ne, kuma son hakan ba rashin tarbiyya ba ne. Kin karɓi surukinki hannu biyu, kin yi kuka don kukansa. Kada ki tuhumi zuciyarki.

Amma lungun banɗaki, a'a. Kaza ba ta jure danshi. Inda ruwa ke kwanciya, rana ba ta shiga, iska ba ta ratsawa, nan mura da ƙuma ke kama su, ga wari, ga ɓeraye. Kwano zai tare ruwan sama, ba zai busar da ƙasa ba. Kuma wurin da ido ba ya kai wa, nan muzuru da gafiya ke cin karensu babu babbaka. Ki ƙara da zakara yana cara a kunnen matar da ta dawo daga aikin asibiti tana neman barci. In kajin nan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Baba zai yi rashi na biyu, ke kuma za ki zauna a inuwarki ki kasa gane abin da kike karantawa.

Ƙarƙashin gwaibar ma ban ce dole ba. Ki sake duba wasiƙarki: ke da kanki kika ce duk inda kajin suka nufa nan Baba yake bi. Ba bencinki yake nema ba, kajinsa yake so ya gani. Kuma kin ambaci wuri na uku kika wuce shi da sauri, wato katangar da ke kallon tagarsa. Me ya sa za a zaɓa tsakanin inuwarki da lafiyar kajin tsoho, alhali tayoyi na kwance a wuri mai kyau ba wanda ya tambaye su?

Ban ga gidanku ba, don haka ki gwada kafin kafinta ya zo. Ki kwara ruwa a gindin katangar ki ga ko yana tsanewa da wuri. Ki lura da wurin da safe, da tsakar rana, da la'asar: ana son hantsi ya taɓa shi, amma a samu mafaka idan rana ta take. In inuwa ta yi ƙaranci, a yi rumfa. A ɗaga akurkin daga ƙasa, a rufe saman shingen saboda shaho, a binne bakin wayar, a nisanta shi da kicin da wurin ɗibar ruwa. A ajiye wa Baba kujera mai jingina a gefe. Wataƙila shingen ya ci wani ɓangare na inuwarki, kuma kukan kaji zai riƙa shiga karatunki. Wannan kam sai haƙuri.

Saura maigida. Mutumin da ya ji ajiyar zuciya ya yi zaton zazzaɓi ne ya damu da ke, gane alama ce bai iya ba. Ki gaya masa a fili cewa bencin nan yana da muhimmanci a wurinki, kuma kina son ya kwashe tarkacensa. Shi ya kamata ya zauna da mahaifinsa ya ji ra'ayinsa, don har yanzu ba wanda ya tambayi mai kajin.

Ki yi maganar yau, kada ki bari sai kafinta ya sauke katako. Allah ya jiƙan surukarki, ya ba Baba haƙuri, ya zaunar da gidanku lafiya.

Antinku