Bigila da Haƙoran Roba

Litinin, 2 ga Disamba
Taron kwamitin walimar ƙarshen shekara ta rukunin gidajenmu. A falon Matar Likita kamar kullum, don dai mu ga sababbin labulenta. An raba aiki: rumfa, kujeru, wasan yara, gasar girki. Da aka zo kan buɗe taro sai ta gyara zama ta ce, "Bana mu hutar da Baba, ko? Ɗana zai saka mana kiɗa a lasifika." Mu hutar da shi! Tun kafin ta san hanyar unguwar nan mahaifina ke buɗe walimar da bigilarsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a badujala. Na ce mata Baba garau yake, shi zai buɗe. Ta ce, "To, Malama, ke kika san tsohonki." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 4 ga Disamba
Na gaya wa Baba. Ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi, sannan ya ce, "Uwata, bigila ba da ƙirji kaɗai ake busa ta ba. Leɓe yana jingina ne da haƙori. Nawa na gaba sun tafi." Na ce waɗanda ke bakinka fa, na ado ne? Ni na yi ta jigilarsa wurin likitan haƙori har aka yi masa na roba, farare tas. Ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Wai in dole ne, in bari ya cire su ya gwada da dasashi, ko gajeren take zai fita. A gaban mutane, baki a lotse kamar tsohuwar jaka? Na ce ba a gidana ba.

Asabar, 7 ga Disamba
Auta ya bugo waya. Tsohuwar maganarsa ce: a ba shi Baba ya koma wurinsu, can bayan gari, wai akwai tsakar gida da iska, ba hawan bene. Na ce ƙanina, sai yanzu ka tuna kana da uba? Jira hoton walima, za ka ga yadda ake riƙon tsoho.

Laraba, 11 ga Disamba
An gwada busa da haƙoran a baki. Iska ce kawai ke fita, sai wani ƙara mai kunya. 'Yata ta gudu kicin tana toshe baki.

Litinin, 16 ga Disamba
An ba mu hutu a makaranta, yanzu ina da lokacinsa. Safe da yamma nake tsayar da shi a baranda. Da ya matsa bigilar a leɓe sai haƙoran sama su motsa, ya tsaya ya tura su da babban yatsa. Na sayo man da ake manna su da shi. Ya ce yana sa shi tashin zuciya. Na ce ya haɗiye. Na koyar da yaran da ko alli ba su iya riƙewa ba har suka yi rubutu, balle babban mutum da ya san aikinsa. Lalaci ne kawai na tsufa. Yau har na ce masa, "Baba, sake! Ba ka ji ba ne?" da muryar aji. Ya kalle ni, ya sake.

Alhamis, 19 ga Disamba
Cikin gari da shi, wurin tela, a rage masa tsohuwar kwat ɗinsa ta badujala. Ya rame, tana yi masa yawo a jiki. Gari ya cika maƙil. Fitilu masu launi a jikin kowane babban kanti, an kafa lilo da jirgin yara a filin shaƙatawa, motoci ba gaba ba baya. Baba ya manna fuska a gilashin mota yana kallo kamar ɗan ƙauye. Ya ce mu tsaya ya ga masu kiɗan da ke wasa a bakin filin. Na ce ba kallon na wasu ya kawo mu ba.
Tela ya ce, "Baba, bana ma za a sha busa ke nan?" Ni na amsa masa.

Litinin, 23 ga Disamba
Na dawo daga kasuwa, tun daga ƙasan bene nake jin bigila. Taken nan na buɗe taro, a hankali, siriri, amma ya fita daga farko har ƙarshe. Har maigadi ya tsaya yana saurare. Na hau da sauri da murna. Ina shiga na ga haƙoran a cikin kofin ruwa a kan tebur, shi kuma baki a lotse, ido na ƙyalli. Ya ce, "Kin ji, Uwata? Haka zan iya."
Na ji. Amma na ga fuskar, na kuma ga yadda za ta fito a wayar Matar Likita, daga nan ta isa hannun Auta da matarsa. Na ɗauko kofin na dangwara masa a gaba. Na ce ko da haƙora ko kuwa in je in faɗa wa kwamiti cewa ubana ya gama yawo. Ya sa su. Ruwa ya zuba a rigarsa.
Ba zalunci ba ne. Mutuncinsa nake karewa.

Juma'a, 27 ga Disamba
An kafa rumfa a filin ajiye motoci. Baba bai ci abincin rana ba.

Asabar, 28 ga Disamba
Ban san ta inda zan fara ba.
Bayan la'asar wuri ya cika, har da mutanen rukunin da ke tsallaken titi. Ni na shafa masa man da kaina, na danna haƙoran har ya ce wash. Ya yi kyau cikin kwat ɗin, wallahi ya yi kyau. Kafin ya hau ya riƙe hannuna ya ce, "Har yanzu da sauran lokaci." Na zare hannuna na gyara masa kwala.
Ya hau, aka yi tafi. Ya ɗaga bigila. Farko iska. Na biyu wani kuka kamar an taka akuya. Aka fara ƙus-ƙus. Ya ja numfashi iya ƙarfinsa ya busa na uku, bigilar ta zame, haƙoran sama suka yi tsalle, suka bugi makirufo, kowa ya ji ƙarar a lasifika, suka gangara ƙasa har gaban kujerun manyan baƙi. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta ɗauka ta ɗaga sama tana neman mai su.
Wurin ya kece da dariya. Har da masu faɗuwa daga kujera. Baba yana tsaye, hannu ɗaya a baki, ɗaya riƙe da bigila, yana waige-waige yana nemana. Ɗan Matar Likita ya saki kiɗansa. Maigadi ne ya hau ya sauko da shi.
Matar Likita ta kawo mini haƙoran a naɗe cikin takardar goge hannu. "Ga ajiyarku, Malama."

Lahadi, 29 ga Disamba
Bidiyon ya zaga. Zauren hira na waya na mazauna rukuni, zauren malaman makarantarmu, har wata ƙawata da ke wani gari ta turo mini, ba ta san ubana ba ne. Sun rubuta a ƙasa: abin dariya, yaro ya tsinci haƙori. Wani mara tsoron Allah ya maimaita wurin tsallen a hankali, ya sa masa kiɗa.
Na kalla don in ga waɗanda suka yi dariya, in san maƙiyana. Likita da kansa. Mai kantin ƙasa. Matar da Baba ya yi wa busa kyauta a bikin 'yarta. Sai a gefen dandamali, wata mai mayafi ruwan toka, ta sunkuya, kafaɗunta na girgiza.
Ni ce. Ban tuna na yi dariya ba. Ruɗewa ce. Kowa ya san mutum na iya dariya don ruɗewa.

Litinin, 30 ga Disamba
Na hana 'yata nuna masa. Ashe shi ya roƙe ta. Na fito daga wanka na same shi da wayar a hannu, ya kawo ta dab da ido, ya tsayar da hoton. Ba kansa yake kallo ba.
Ya ce, "Tun kina ƙarama haka kike dariya. Ki rufe baki da bayan hannu." Ya miƙa wa yarinyar wayarta ya ce ya gode. Da ma zagina ya yi.

Laraba, 1 ga Janairu
Gari na ta wasan wuta da hon ɗin motoci. Baba ya ɗauki kwanonsa ya shiga ɗaki, ya juya wa ƙofa baya yana ci. Na kai masa ruwa, ya ce, "Na gode, Malama."
Malama.

Alhamis, 2 ga Janairu
Matar Likita ta tare ni a matakala. Wai ba a taɓa walimar da aka yi nishaɗi irin ta bana ba, mutane na cewa lallai baɗi ma a kawo Baba. Tana faɗa tana share hawayen dariya. Na buɗe baki in wanke ta tas, sai ta ce, "Ai ke ma kin dara, na gan ki." Na wuce.

Asabar, 4 ga Janairu
Auta ya zo da mota. Ba ni na kira shi ba, ban kuma tambayi wanda ya kira ba. Bai yi mini faɗa ba, ya gaishe ni, "Yaya, ina kwana," ya shiga haɗa kaya. Na ce Baba, hutu za ka je ka dawo, ko? Ya ce Allah ya yi miki albarka. Ya sauka benen a hankali, baki a lotse, ya gaisa da maigadi ya yi masa doguwar dariya da dasashi, bai rufe ba.
Da na shiga gyara ɗakin na tarar ya bar abu biyu. Kofin da haƙoran a ciki, da bigilar a kan matashi.

Laraba, 8 ga Janairu
An koma makaranta. An kwashe rumfa, an sauke fitilu, filin ya koma na motoci. Na fita daga kwamiti, aiki ya yi mini yawa, shi ke nan dalili.
Gida shiru, na huta da hidima. Na buga wa Auta don in tambayi maganin hawan jinin Baba kawai. Ya ce yana barci. Ina jin muryar Baba a bayan wayar yana wasa da jikoki.
Na zubar da ruwan kofin na sa sabo, ban san don me ba. Da 'yata ta tafi aika na ɗauki bigilar na kulle kaina a banɗaki. Haƙorana cif, ba wanda ya girgiza. Na busa har kunnena ya toshe, har idona ya kawo ruwa.
Iska ce kawai ta fita.