Ƙorafi Kan Muryar Da Aka Goge Da Sunan Bairus

Daga: Malamar ilimin halittu mai ritaya,
Gida na ƙarshe, layin bayan makarantar firamare.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Kwamfuta da Waya,
Ofishin ƙungiya, saman benen kasuwar kayan lantarki.

23 ga Yuni, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GOGE MURYAR MARIGAYI MIJINA DAGA KWAMFUTATA, DA ROƘON A HANA SHARE MA'AJIYAR MAI GYARA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kuka a kan ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarku, mai rumfar ƙarƙashin matakala, wanda ake kira Injiniya. Ban san makarantar da ta ba shi sunan ba, amma da shi zan kira shi.

Kwamfutar ta mijina ce, Allah ya jiƙansa. Kafin rasuwarsa bara, da ya ga ina wasa da maganin hawan jini, ya zauna ya haɗa wata 'yar manhaja da hannunsa. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai ta buɗe da kanta, muryarsa ta fito. Ya kira ni da sunan tsokanar da shi kaɗai yake kirana da shi, ya ce in ajiye taurin kai in sha magani. Sai ya yi tari, kujera ta yi ƙara, a ji yana tambayar kansa ko abin ya ɗauka. Shi ke nan. Mutum ne da hoto ma sai an yi fama da shi, balle a naɗi maganarsa, don haka wannan kaɗai ta rage mini. Ga kukana:

1. Ranar 16 ga Yuni na kai wa Injiniya kwamfutar, saboda tallan caca da na maganin rage ƙiba da suka addabe ni, ga kuma nauyin da take yi. 'Yata da ke aure nesa ta ce mini ta waya bairus ne, wato cutar kwamfuta, na kuma yarda akwai alamarsa. Na yi masa bayanin abin da ke buɗewa ƙarfe biyar, na maimaita, na ce komai za a yi kada a taɓa shi. Ya gyaɗa kai, idonsa na kan wayarsa.

2. Ranar 18 ga wata na karɓo ta fayau, kamar ɗakin da ɗan haya ya tashi. Ya yi mata abin da kuke kira fomatin, wato share komai. Hujjarsa ita ce da ƙarfe biyar ta yi, kwamfutar ta yi magana a rumfarsa har masu jiran gyara suka zabura, kuma kowa ya sani duk abin da ya buɗe kansa bairus ne. Ranka ya daɗe, agogo ma da kansa yake bugawa. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yara cewa sai an ga ƙwayar cuta ake ba ta suna, kuma ba a yanke ƙafa don ƙaiƙayin ɗan yatsa. A ajina, wanda ya amsa mini da kowa ya sani sifili yake ci.

3. Da na nemi ya nuna mini bairus ɗin da ya kama, ya yi murmushi ya ce Mama ba za ta gane ba. Tallan cacar kuwa washegari ya dawo da ƙarfinsa, ina kuma zargin a cikin manhajojin da ya zuba mini da hannunsa ya shigo. Ɓarawo yana nan, mai gida aka fitar.

4. Wannan ne ya fi gaggawa. Mai sayar da caja da ke maƙwabtaka da rumfarsa ta ja ni gefe, ta ce al'adar masu gyara ce kafin fomatin su kwafe kayan mutum a wata ma'ajiya tasu da ake jona wa kwamfuta, ƙarshen wata su share ta don a sami wuri. Na koma ranar 20 ga wata. Bai musa ba. Cewa ya yi kayan mutane ne jibge a ciki, ba shi da lokacin tone su saboda tari ɗaya, in dawo farkon wata. Farkon wata, ranka ya daɗe, bayan an share ke nan.

Don haka ina roƙon ofishinka, cikin ladabi, da ya umarce shi a rubuce kada ya share ma'ajiyar nan ranar 30 ga Yuni, kuma a ba ni izinin zama a gabanta, a ofishinka ko a rumfarsa, in duba da kaina. Lokaci ina da shi har ya yi mini yawa. Ba na neman diyya, ba na so a rufe masa rumfa, ya ci gaba da neman abincin iyalinsa. In ƙungiya za ta sa wa 'ya'yanta dokar su tambayi mai kaya kafin su share, wannan alheri ne ga na bayana.

'Yata ta koya mini saita ƙararrawa a waya, ta ce ai duk ɗaya ne. Ban yi mata gardama ba, tana da nata hidindimun. Amma don kada a ɗauki takardar nan a matsayin maganar lafiya a tura ni asibiti, ina sanar da kai cewa tun da ya rasu ban taɓa manta maganin ba ko sau ɗaya. Tun kafin biyar nake zama a teburin da kofin ruwa da ƙwayar a tafin hannuna, in jira sai ya ce in sha.

Zan zo ofishinka ranar Alhamis da safe. Matakalarku tana ba gwiwata wahala, in da hali a ajiye mini amsar a ƙasa wajen mai gadi.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Malama mai ritaya, matar marigayi mai kwamfutar.