Takardar da Papa Ya Ɓoye

Zuwa ga yayana, Manong Teryo,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ka dai ji a rediyo jam'iyya ta tsayar da ni takarar shugaban ƙasa. Yanzu abokan hamayya sun kai ƙara kotu, wai tunda Papa ɗan China ne, ni ba haifaffiyar 'yar ƙasar Filifin ba ce. Lauyana ya ce duk wanda aka haifa a zamaninmu, uwa 'yar ƙasa uba baƙo, sai ya yi rantsuwar zaɓen ƙasar uwarsa da ya cika ashirin da ɗaya. Na yi. Na tuna ruwan saman da aka sha ranar a garinmu Dumaguete, amma kundin ofishin da na yi rantsuwar ya ƙone tuni. Don Allah ka duba min kayan Papa ko za ka ga takardar rantsuwar. Sati uku kotu ta ba ni.

Ƙanwarka,
Solay

Inday Solay,

Ina gaishe ki da yaran. Ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Na kwana biyu ina kwashe kaya a saman shagonmu. Har yanzu ɗakin ƙanshin busasshen kifi da tafarnuwa yake. Na ga kujerar da kike hawa kina yi wa buhunan shinkafa jawabi, Mama tana cewa ki sauko kafin su zaɓe ki.

Takardar tana nan, a naɗe cikin rigar bikin Papa. Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar da ya raka ki ya ƙi shiga ofishin, ya ce miki zafi ya yi yawa a ciki. Tsoro ya ji kada magatakarda ya ji karyayyen harshensa ya wahalar da ke. Da kuka dawo ya karanta layin da kika rabu da ƙasarsa har sau uku, sannan ya ce min, "Shi ke nan, ɗaya ta tsira."

Ɗaya ya ce, Inday. Lokacin da na cika shekarun ina kan jirgin ruwa, da na dawo aka ce na makara. Shekara sittin da bakwai a garin da aka yanke min cibiya, katin baƙo nake riƙe da shi. Duk zaɓukan da kika ci, na bi layi ne kawai don maƙwabta su gan ni. Ban taɓa jefa miki ƙuri'a ba. Kunya ta hana ni faɗa.

Gobe zan aiko ta gidan waya.

Yayanki,
Teryo

Manong,

Na gaishe ka. Kada ka aiko. Ka hau jirgin Asabar ka kawo da hannunka, zan tare ka da kaina. Ka haɗo da naka takardun, har na makarantar firamare. Lauya ya ce batun zamanka ɗan ƙasa zai ɗauki shekaru. Na ce masa ya fara ranar Litinin.

Taka har kullum,
Solay