Ba Za Ni Sa Hannu A Kori Nas Saratu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni malamin Islamiyya ne a Unguwar Lalle, kuma mahaifin Rukayya, 'yar shekara ɗaya da rabi da ta rasu a ɗakin gaggawa na asibitinku. Jiya mutanenka suka kawo mini takarda in sa hannu cewa sakacin nas Saratu ne ya kashe ta, domin a kore ta daga aiki. Na mayar musu da bironsu. Ga dalilina, kuma a fusace nake rubuta shi.

Ka san bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Rumbu ya ƙare, nonon uwar ya ƙafe, tamowa ta kama yarinyar, gudawa ta biyo baya. Da hantsi muka kai ta. Saratu muka tarar ita kaɗai, marasa lafiya har a tabarma. Ba ta yi mana wulaƙanci ba. Da ƙyar ta samu jijiya, ta rataya ledar ƙarin ruwa, ta sake shi da gudu kamar yadda ake yi wa kowane mai gudawa. Mu mutanen ƙauye in ba mu ga leda a rataye ba, gani muke ba a yi magani ba. Da ta farko ta ƙare, ni da bakina na ce, "Malama, ƙara mata wata." Ta kuwa ƙara. Kafin azahar numfashin yarinyar ya sarƙe, kafin la'asar Rukayya ta cika.

Na farko. Malam Ladan, dattijon nas ɗinku, ya zo mini ta'aziyya. Shi ya gaya mini cewa zuciyar yaro mai tamowa ba ta ɗaukar ruwa da gudu, da cokali ake ba shi kaɗan-kaɗan. Mutumin da ya yi furfura a ɗakin gaggawa ina yake ranar? Yana ɗakin ba da kati! Al'adarku ce bayan 'yan watanni a juya ma'aikata kamar ana juya masa a tanda. Kwanan Saratu tara da ɗauko ta daga sashen awon ciki. Wa ya zauna ya koya mata?

Na biyu. An sha kiran bita a Sakkwato kan kula da yara masu tamowa. Ka binciki sunayen waɗanda aka tura, za ka tarar da masu zaman ofis ne, waɗanda rabonsu da taɓa maras lafiya sun manta. Masu tsayuwa a kan gado sai dai su ji labari.

Na uku. Babu likita ranar, babu ko takarda a bango mai nuna yadda ake yi. Shekara biyu muna cikin fari, kowa ya san irin yaran da za a kawo, amma kuka bari sai ranar tafiya za a fafe gora. Yanzu kuma an bar jaki ana dukan taiki.

Na yarda kwanan Rukayya ne ya ƙare. Amma karatun da nake koyarwa bai ce ƙaddara tana wanke mai sakaci ba.

Roƙona shi ne a mayar da Malam Ladan ɗakin gaggawa, a daina ɗauke nas da zarar hannunta ya faɗa, a tura masu aikin zuwa bita. In dole sai an rubuta mai laifi, a fara da wanda ya sa hannu a canjin nan, a sa sunana a ƙarƙashinsa.

Saratu kuwa a bar ta. Ɗan maƙwabcina ƙafafunsa sun fara kumbura, gobe ko jibi za su kawo shi. A ɗakin nan yau ita kaɗai ce ba za ta sake sakin ruwa da gudu ba har ta mutu, kuma da 'yata aka koya mata.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Unguwar Lalle.