Agogon da Ba Ni Na Rubuta Ba

Litinin, 5 ga Mayu

Yau na je wurin ɗaukar fim ɗin da ake yi daga littafina, karo na farko, bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa. Da na sani da ban je ba.

Wani gida suka kama haya. Falon cike da wayoyin wuta da fitilu masu zafi, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga na'ura. Daraktan ya tarbe ni da "Anti marubuciya ta iso", ya sa aka ba ni kujera kusa da ɗan allon da yake kallo. Sai ga Manaja, mutumin da na yi shekaru ina ginawa a littafina, manajan masaƙa mai shiru-shiru wanda ya ga ana cutar ma'aikata ya kau da kai. Sun mai da shi ɗan siyasa. Da fosta da 'yan rakiya da komai.

Na ja daraktan gefe. Ya ce ba wanda zai zauna kallon injin saƙa, siyasa ake yayi bana. Wai littafi daban, fim daban, kuma ai na sa hannu a kan a gyara abin da ya kamata. Na sa ɗin. Ban san haka gyaran zai kasance ba. Kuma saura kaɗan su gama, babu maganar komawa baya.

Ɗan wasan da ya fito a Manaja ya iya, wannan kam gaskiya ce. Yana da wata ɗabi'a: kafin ya amsa tambaya sai ya kama agogon hannunsa ya juya shi, ya ce "To, ai ka ga..." Na taɓa ganin wannan a wani wuri. Har na iso gida ban tuna ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Muhawarar masu neman jam'iyya ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa. Maigida ya dawo da wuri, ya ja kujera har gaban talabijin. Tun da aka zaɓe shi daliget, cikin wakilan da za su jefa ƙuri'ar fid da gwani, tafiyarsa ma ta canja.

Likitan da ke cikin 'yan takarar yana magana kamar zai gaya maka sakamakon gwajinka bai yi kyau ba. Injiniya lissafi ne zalla, ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar da kashi cikin ɗari a ciki. Lauyar ta burge ni, ba ta ɗaga murya, sai dai tana kallon sauran kamar ɗaliban da ba su yi aikin gida ba. Na san wannan kallon, nawa ne. Matashin kuma ihu, har makirufo yana kuka.

Sai Dattijo, mutumin Maigida, wanda ya bi tun kafin aurenmu. Aka tambaye shi zancen asibitoci. Ya kama agogonsa ya juya. "To, ai ka ga..."

Maigida yana ta tafi shi kaɗai, ni kuwa na tashi na shige kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na kira daraktan. Dariya ya yi. Wai ɗan wasan ne ya ɗauko abinsa, kuma duk mai agogo yana juya shi. Na ce mijina mutumin Dattijo ne. Sai ya ce fim ɗin ba zai fito ba sai bayan zaɓen fid da gwani, in kwantar da hankalina.

Ban gaya wa Maigida ba. Gobe.

Talata, 13 ga Mayu

Har yanzu ban gaya masa ba. Na ƙona shinkafa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta fashe. Ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa ƙanwata ta turo mini a waya: "Yaya, wannan ba fim ɗinki ba ne?" Wani ya saki guntun wurin da Manaja yake yi wa matan ma'aikata ƙarya, yana juya agogo. An haɗa shi gefe da gefe da Dattijo a muhawara. A ƙasa ga sunan littafin, ga sunana.

Malamin lissafi yana kallo a tasa wayar yana ƙyalƙyala dariya. Da ya ɗago ya gan ni sai ya mayar da ita tari.

Daraktan ya rantse ba daga wurinsa ba ne. Muryarsa dai ba ta mai baƙin ciki ba ce.

Asabar, 17 ga Mayu

An cire Maigida daga zauren daliget na waya. Ba wanda ya kira ya yi masa bayani. Wani abokinsa ne ya tsegunta masa ana cewa mutanen Injiniya sun saye matarsa, shi ma ba a san inda ya dosa ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce, "Malama, ke kika rubuta masa agogon?"

Na ce babu agogo ko ɗaya a littafina, babu ma ɗan siyasa, ai ya sani.

Ya ce, "Ban sani ba. Ban karanta ba."

Na daɗe da zargin haka. Ranar ƙaddamar da littafin shi ya fi kowa rabon kwafi, yana ta cewa matata, matata. Amma zargi daban, ka ji da kunnenka daban. Na kasa gane wanne ya fi yi mini ciwo, nawa ko nasa.

Litinin, 19 ga Mayu

Lambobin da ban sani ba suna ta kira. Na ɗaga ɗaya, wani ya ce sun san makarantar da nake koyarwa, ya kashe. Shugabar makaranta ta ce in ɗan huta a gida zuwa mako mai zuwa, wai don lafiyata. Na san don lafiyar gilasan tagoginta ne, kuma ban ga laifinta ba.

Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai na leƙa.

Laraba, 21 ga Mayu

Na je ofishin daraktan da niyyar a cire sunana daga fim ɗin gaba ɗaya. Na shirya maganata tun a mota, har da inda zan ɗaga murya.

Ina fara faɗin abin da ya kawo ni ya ce ya ji, zai cire, amma in zauna in ga ƙarshen tukuna. Wani ɗan ɗaki ne mai sanyi inda suke tacewa, babu taga, sai kwamfutoci da kofunan shayi da ba a wanke ba.

A littafina layi biyu na ba mutuwar Manaja, don na gaji da shi. A fim ɗin bai mutu ba. Kowa ya watse ya bar shi, yana zaune a falo, matarsa ta kawo masa ruwa. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ya kasa, sai ya matsa mata ta zauna. Shi ke nan. Babu kiɗa, babu kuka.

Ni na haifi mutumin nan, amma daraktan nan, yaro mai tsagaggen wando, ya fi ni jin tausayinsa. Na ce zan yi tunani. Sauran maganar da na shirya ko kalma ɗaya ba ta fita ba.

Ba cewa na yi fim ɗin ya fi littafin ba. Ban ce ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Maigida ba ya fita, babu inda za shi. Jiya na ga ya ɗauko kwafin littafina daga saman kabad ya kaɗe shi. Yana karatu a hankali, da yatsa a kan layi, leɓensa yana motsi. Ni kuwa sai kai da kawowa nake yi kamar wadda ake duba jarrabawarta. Na share falo, na sake sharewa.

Da yamma ya rufe littafin, ya ce wannan mutumin ba Dattijo ba ne. Na ce ai na faɗa. Ya ce Manaja yana cire tabarau ya goge idan ba ya son amsa magana, kuma yana cewa "bari a ga yadda ta kaya". Ya dube ni.

"Ni ne?"

Na ce a'a, haba. Ya ce to. Ya cire tabaransa, ya kalle shi, ya mayar ba tare da ya goge ba.

Ba shi ba ne. Ba duka ba.

Talata, 27 ga Mayu

Kakakin Dattijo ya kira. Ana son ganinmu gobe, ni da Maigida. Sun shirya 'yar magana da zan karanta a gaban kyamara: cewa an yaudare ni, an ɓata mini littafi, ba ni da hannu a fim ɗin. Idan na yi, Maigida zai koma matsayinsa.

Rabin maganar gaskiya ce. Shi ya sa ta fi wuya.

Na tambayi Maigida me yake so in yi. Ya soma cewa "bari a ga..." sai ya tsaya. Ya ce yana so in karanta, ba zai ɓoye mini ba, rayuwarsa kaf ya zuba a bayan mutumin nan. Amma ba zai ce dole ba.

Abinci ya ƙi shiga.

Laraba, 28 ga Mayu

Mun daɗe a ɗakin jira, mutane cike, kowa na kallona ta gefen ido. Waɗanda suka saba cin abinci a gidanmu, yau sun yi kamar ba su ga Maigida ba.

Dattijo ƙarami ne a fili. A talabijin yana cika allo, a nan kujera ta kusa haɗiye shi. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi yara da makaranta. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai na ga hannun hagunsa yana rawa, rawa sosai. Ya yi maza ya kama agogon da ɗaya hannun ya danne.

Ashe abin da ake yi wa dariya ke nan. Ashe ba ƙarya yake shirin yi ba, hannunsa yake riƙewa. Na kalli Maigida, ya sunkuyar da kai. Ya sani. Tun yaushe?

Kakakin ya ajiye mini takardar, mai kyamara ya gyara tsayuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, an canja mini littafi, gaskiya ne, kuma agogon ba nawa ba ne. Wannan zan faɗa ko'ina. Amma na ga fim ɗin, ba zan iya cewa ba ni da hannu a ciki ba."

Kakakin ya fara magana, Dattijo ya ɗaga masa hannun dama. Ya tambaye ni yadda mutumin ya ƙare a fim. Na gaya masa. Ya ce ai an yi masa adalci, ba kowa ke samun mai kawo masa ruwa ba. Ya ce a kashe kyamara.

Ba a ce an mayar da Maigida zauren ba, ba a ce ba a mayar ba. Muka shiga mota har muka kusa gida. Sai Maigida ya ce muryata ta yi rawa amma na kai ƙarshe.

Na kira daraktan na roƙe shi ya rage agogon. Ban gaya masa dalili ba, ba sirrina ba ne. Ya ce zai yi wuya, yana cikin kusan kowane fage. Na ce ya gwada.

Asabar, 31 ga Mayu

Maigida ya tafi zaɓen fid da gwani. Ƙuri'arsa ba su da ikon ƙwacewa. Ina gaban talabijin tun safe ina neman fuskarsa a cikin dubban huluna. Tsoro biyu nake ji: kada Dattijo ya faɗi a ce ni ce, kada kuma ya ci da wannan hannun.

Lahadi, 1 ga Yuni

Lauyar ce ta ci. Dattijo ya zo na uku, ya miƙe ya taya ta murna, hannayensa a bayansa. Na yi kuka, ban san na wa ba.

Maigida ya dawo da muryarsa a dishe. Ban tambaye shi wanda ya zaɓa ba, shi ma bai faɗa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na koma makaranta. Kiran ya tsaya, mutane sun sami wani abin dariyar. Zauren daliget ɗin ma an rushe shi, kowa na neman hanyar zuwa wurin Lauya. Maigida ya je ya gaida Dattijo jiya, ya ce su uku kacal ya tarar a ɗakin jiran nan.

Daraktan ya cire agogon a wurare da dama, ba duka ba. Sunana yana nan. Ya tambaya ko ina da wani labarin, wanda zan rubuta masa kai tsaye. Na ce Allah ya kiyaye, ni marubuciyar littafi ce.

Da yamma ina tebur, wai zan shirya darasin gobe. Ban san lokacin da na buɗe sabon shafi a kwamfuta ba. "Rana. Cikin ɗakin jira. Wani mutum mai sanƙo yana zaune shi kaɗai." Gwaji ne kawai, don in ga yadda suke yi.

Maigida ya zo wucewa da shayinsa, ya tsaya a bayana. Na rufe allon da hannu. Ya ce wa zan sa a ciki wannan karon. Na ce babu kowa. Ya shafa sanƙonsa, ya ce to, in dai da shi a ciki, a taimaka a nemo ɗan wasa mai gashi.

Ban kula shi ba. Da ya fita na goge "mai sanƙo", na ci gaba.