Ɗakin Gwaje-gwajenmu Yana Kulle, An Kuma Hana Mu Idon Zuci

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi mai kula da makarantun yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya tare da iyali da abokan aiki.

Sunana Habibu Isiyaku, malamin kimiyyar halittu a wata sakandare ta jeka-ka-dawo da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Na bi ta hannun shugaban makarantarmu, na kuma zo ofishinka da ƙafata, aka ce kana wurin taro. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban yi don rashin ladabi ba, hanya ce ta ƙare mini.

Na farko. Damina uku ke nan da mota ta kawo mana akwatunan kayan gwaje-gwaje. Da hannuna na taya saukewa, kuma na karanta a jikin ɗaya cewa akwai madubin nan mai ƙara girman ƙananan halittu. Aka jera su a ɗaki, aka sa kwaɗo, aka tafi da mabuɗi, aka ce sai manya sun zo bikin buɗewa. Har yau ba su zo ba. Ɗalibaina suna leƙa akwatunan ta taga idan an fita hutun ƙarfe tara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na biyu. Tunda ba ni da abin nunawa, sai na koma ga abin da kowane yaro ya zo da shi daga gida. Ni kaina sau ɗaya na taɓa sa ido a wannan madubi, ina kwalejin horon malamai, muna layi ana ture-ture. Na ga fatar albasa ta zama ɗakuna jere kamar ginin tubali, kowane ɗaki da ɗigo a ciki. Da wannan gani guda nake koyarwa tun daga lokacin. Nakan ce wa yara su rufe ido, su ƙanƙance su shige cikin ganyen gero, su zaga su faɗa mini abin da suka tarar. Nakan ce su ɗauki jini tamkar hanyar Gwiwa ranar kasuwa, wasu na kai kaya, wasu na dawowa wayam. Yaran da ba sa buɗe baki sai suka fara tambaya, har wadda ni ma ban san amsarta ba.

Wata rana mai duba makarantu ya shigo ya tarar da aji duka ido a rufe. A gabansu ya ce gwamnati ba ta ɗauke ni aikin tatsuniya ba. Takardar tuhuma ta biyo baya, aka umarce ni in riƙa rubutu a allo su kwafa, kada in ƙara fita daga abin da ke cikin littafi. Na bi umarni, domin ina da iyali. Yanzu ajina tsit yake, littattafai sun cika, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake ɗaga hannu.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai ɗalibata Balkisu, 'yar Malam Ado mai gyaran kekuna a garinmu. Ban taɓa koyar da mai kaifin basira kamarta ba. Idan ta zana ƙwayar halitta a takarda, sai ka ce daga littafi aka ciro ta. Burinta aikin jinya. Bana ta ci jarrabawar rubutu ta wata makarantar koyon aikin lafiya, aka kira ta gwajin baki a birni. Mahaifinta ya ɗauke ta a bayan babur har Kazaure, ya sa ta a mota. A can masu gwajin suka ajiye mata irin madubin nan suka ce ta duba ta faɗi abin da ta gani. Ta san sunan kowane ɓangare nasa, amma ba ta san yadda ake murɗa shi ba. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu. Don kada ta yi shiru, sai ta kwatanta musu abin da ta saba gani idan ta rufe ido a ajina. Ashe ɗigon jini aka sa mata, ita kuwa tana ba su labarin albasa. Suka yi dariya, suka kira na bayanta.

Da ta dawo ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni. Ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta ce shi ne: "Malam, ashe abin ba ya zuwa da kansa idan mutum ya leƙa."

Ranka ya daɗe, a nan na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Mai duba makarantu yana da gaskiyarsa, gani ya kori ji, kuma hasashen da bai taɓa haɗuwa da zahiri ba yakan kai mutum inda ya kai Balkisu. Amma ilimin da aka kwafa daga allo ba tare da zuciya ta zana shi ba, daga an fito ɗakin jarrabawa yake zubewa. Yaro yana bukatar ya hasaso abu, sannan ya leƙa ya ga inda ya yi daidai da inda ya kuskure. Mu an kulle mana ɗaya da kwaɗo, an hana mu ɗayan da takarda.

Roƙona bai da yawa. Idan bikin ba zai yiwu ba, a aiko mana da mabuɗi ko ta hannun ɗan acaɓa ne, mun yafe rumfa da jawabi. Rufin ɗakin ya fara yoyo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ban san halin da kayan suke ciki ba. A janye takardar tuhumar, ko a bari in riƙa kwatanta wa yara da abin da suka sani. Sannan idan akwai wata ƙofa da za a nema wa Balkisu baɗi, a taimaka. Yanzu tana gida tana taya mahaifiyarta surfe.

Na san wataƙila wannan takarda ba za ta kai gabanka ba, kuma ba ni da wani babba da zai tuna maka. Amma shekaranjiya Malam Ado ya tsayar da ni a bakin rumfarsa, ya tambaye ni tsakanina da Allah ko ya mayar da Sa'adatu ƙanwar Balkisu makaranta zangon da ke tafe, ko ya bar ta a gida. Na ce masa zan yi tunani. Har yanzu hanyar bayan masallaci nake bi zuwa aiki, don kada mu haɗu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka a kan amanar da ya ɗora maka, ya shirya maka zuri'a, ya sa 'ya'yanka su ga abin da ake koya musu da idonsu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habibu Isiyaku